Hoton Babanmu a Tarauni

Mun tashi daga Birnin Kudu ana sallame asuba, ni da mahaifiyata da ƙanwata. Idon Inna ya soma dushewa, likita kuma bai yi mana alkawarin aikin da za a yi zai gyara shi ba. Burinta ɗaya kafin ranar: ta sake ganin fuskar babanmu. Ya rasu tana da cikin ƙanwata, kuma hotonsa guda ne a duniya, wanda wata jaridar Hausa ta buga tun zamanin soja, da ya ci gasar manoma. Ƙanwata, wadda ta yi imani babu abin da waya ba ta sani ba, ta ƙone data har ta gaji, ko inuwarsa ba ta gani ba. Shi ya sa muka nufi Kano, wani ɗakin karatu a Tarauni da aka ce ana adana tsofaffin jaridu a cikinsa.

Kuɗin mota ya ninka na bara, amma direban ya cusa mu kamar buhunan gero. A Wudil masu soyayyen kifi suka yi wa tagoginmu caa, muka saya muka ci da gurasa. Daga Hotoro muka hau adaidaita sahu. Matuƙin, wani baƙon Kano irinmu, ya rantse ya san ɗakin karatun, sai ga mu a Gyaɗi-Gyaɗi gaban shagon sayar da littattafan makaranta! Wani mai shayi ne ya ɗora mu a hanyar Tarauni.

Ban sa rai ba, gaskiya. Na zaci za mu tarar da ma'aikaci yana gyangyaɗi ya ce mu dawo gobe. Sai na ga wuri fes, fanka na juyawa da hasken sola, ɗalibai sun duƙufa, wasu kan littafi wasu kan kwamfuta. Inna ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ta rangaɗa sallama kamar ta shiga gidan suna. Duk kawuna suka ɗago. Ma'aikaciyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta taso ta amsa a hankali, ta kama hannunta ta zaunar da ita, har da ruwan sanyi.

Muka gaya mata abin da ya kawo mu. Ta san matar kirki ba ta kama sunan mijinta, don haka ni ta tambaya sunansa. Da aka zo kan shekarar da aka buga hoton kuwa, babu wanda ya san ta a cikinmu.

"Inna, me kika riƙe na lokacin?" in ji ta.

"Kakar da na yaye wannan ce," Inna ta ce, ta nuna ni da haɓa, don ni ma ɗan fari ne, ba na da suna a bakinta.

Matar ta tambayi shekarar haihuwata, ta ɗora watannin yaye, ta shige ciki. Ta fito rungume da wani ƙaton ɗaurin jaridu da suka yi ja. Shafi-shafi take buɗewa ba gaggawa, har azahar ta gota, ba ta yi tsaki ko sau ɗaya ba. Can sai ga mutum tsaye da damin dawa, hula a karkace, hancinsa sak na ƙanwata.

Ma'aikaciyar ta ɗora wa Inna gilashin ƙara girman rubutu a kai. "Shi ne?"

Inna ta duba, sai ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya. Kunyarsa take ji a gabanmu. Nan matar ta burge ni har zuciya: ta yafito mu, ta ce mu zo ta nuna mana sashen yara. Muka bar Inna ita kaɗai da mijinta, ƙanwata na tafe tana sharar hawaye.

Kafin mu fito an ɗauki hoton a na'ura an tura wayar ƙanwata. Muna Wudil dangi har na Legas sun gani. Na koyi cewa waya gwanar rarrabawa ce, amma sai wani ya adana, kuma sai an dace da mai haƙurin nema.

Da magariba muka isa gida. Na miƙa wa Inna kwafin da aka buga mana, ta ce in ba ƙanwata.

"Ni na gani," ta ce. "Ku gaya wa likitan na shirya."