Direban Ƙwai da Allurar Baƙin Mai

Direban ƙwai ake ce masa, kuma sunan ya bi shi har gida, don ko matarsa in ta so tsokana da shi take kiransa. Tun yana da baƙin gashi yake ɗauko ƙwai daga wata gonar kaji a bayan gari, yana rarraba wa masu shaguna a cikin tsohuwar a-kori-kurarsa, wadda a da fara ce, yanzu kuwa ba mai iya rantsuwa a kan launinta. Mai ɗaukar ƙwai ba ya gudu, amma nasa rashin gudun ya wuce misali. Masu keke kan wuce shi suna ɗaga masa hannu, shi ko a jikinsa.

Abin da aka san shi da shi kunne ne. Yana zaune yana shan shayi mota za ta gifta, sai ya ce, “Wannan bel ɗinta ya saki,” kuma in an duba haka ɗin ne. Direbobi kan tsaya a ƙofar gidansa su bar inji a kunne, su ce, “Baba, saurara mana.” Ko bonet ba ya buɗewa. Zai karkata kai, ya lumshe ido, ya faɗa musu abin da za su gaya wa makaniki.

A gaban motarsa akwai geji mai allura, wanda aikinsa shi ne ya nuna ƙarfin da baƙin mai ke zagaya inji da shi. Tun ranar da ya sayi motar, wuri ɗaya allurar nan take tsayawa, tsakiya cif. Inji da sanyi, tana tsakiya. Ya ɗau zafi ana hawa tudu da lodi, tana nan inda take. Ya daɗe da sanin dalili. Masu ƙera motar ba su sa mata abin awo na gaske ba, wani ɗan makunni kawai suka ɗaura a jikin inji. Muddin akwai ɗan abin da ba a rasa ba na ƙarfin mai, sai allura ta tashi ta miƙe a tsakiya, don kada hankalin mai mota ya tashi. Yakan kira ta mai daɗin baki, ya yi dariya. Ina ruwansa da ita, yana da kunne.

Sai kunnen ya fara tafiya ba sallama. Tsuntsayen safe ne suka fara ɗaukewa, sannan ƙas-ƙas ɗin sigina. Wata rana ya shiga gonar, ya ga kaji cike da rumfa kowace ta buɗe baki, amma abin da ke zuwa masa kamar hira ce a ɗakin maƙwabta. Ya koyi kallon leɓen mutane, ya koyi gyaɗa kai yana cewa “haka ne.” Direbobi in sun zo sai ya ce yana sauri. Matarsa ta ɗauka miskilancin tsufa ne, ta yi mita har ta gaji ta bari.

Bai gaya wa kowa ba. Kuma bai ji baƙin ciki ba, abin da ya fi ba shi mamaki ke nan. Bai ji komai ba. Yakan tashi, ya yi lodi, ya sauke, ya dawo ya ci abin da aka ajiye masa, kamar wanda aka ba ajiyar rayuwar wani yana riƙe masa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: yanzu ba shi da mai ba shi labarin injinsa. In injin nan ya buga, shi ke nan, ba shi da wata motar, ba shi da wata sana’ar.

Don haka wata safiya, kafin ya tafi gona, ya biya shagon ƙanin matarsa, mai gyaran wayar mota, mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

“Yaya, kai da kanka? Fitila ce ta mutu, ko ƙwan ne ya ƙyanƙyashe a hanya saboda jinkiri?”

“Allurar nan nake so ka koya mata faɗin gaskiya.”

Ƙanin ya kwashe da dariya. “Kai da kunnenka, me za ka yi da allura?”

“Tsufa,” in ji shi.

Ƙanin ya kwance gaban motar, ya zaro allon geji, ya kifa shi a kan benci. Ya nuna wani ɗan abu a bayansa, bai wuce ƙwayar shinkafa ba. “Ga munafukin. Shi ke riƙe ta a tsakiya.” Ya yanko guntun waya ya tsallake shi, ya liƙe da dalma, hayaƙin ya tashi siriri. Sannan ya zura hannu ƙarƙashin inji ya kwance tsohon makunnin, ya ɗaura abin awo na gaske mai kama da ƙaramin gwangwani. Baƙin mai ya gangaro masa har gwiwar hannu.

Da aka tayar da mota, allura ta tashi tana rawa, ba ta kai tsakiya ba. Direban ya taka, ta ɗan ƙara sama. Ya saki, ta sauko. Bai taɓa ganin ta motsa haka ba. Ƙanin ya juya masa baya yana goge hannu da tsumma, yana magana, don ga kafaɗunsa suna motsi. Direban ya ce, “Haka ne,” ya sa giya ya tafi.

A hanya, inji na ɗaukar zafi allura na zamewa ƙasa. Da ya tsaya a danja motar tana silo, inji na juyawa a hankali, sai allurar ta kwanta a kan jan layin haɗari. Ya zuba mata ido har na bayansa suka fara kewaye shi suna ɗaga hannu cikin fushi. Ya gangara gefe, ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Mai cike yake. Mai a cike, ƙarfi babu: ya san abin da wannan ke nufi, injin ya cinye cikinsa. Ya tsaya yana jiran gabansa ya faɗi, bai faɗi ba. Ya je ya yi lodi, ya raba ƙwan duka, ko ɗaya bai fashe ba.

Da la’asar ya tsaya a ƙofar gida, ya bar injin a kunne, ya yi abin da bai saba ba, ya buɗe bonet. Ya sunkuya har zafi na dukan fuskarsa, ya karkata kai, ya lumshe ido. Ba abin da ya zo masa sai wani gurnani daga nesa. Da ya ɗago, matarsa na tsaye da bahon wanki a kwankwasonta.

“Yau dai ƙarar nan ta ishe ka?” in ji ta.

“Wace ƙara?”

“Wannan ƙwanƙwasar mana. Tun bara nake jin ta daga kicin. Maƙwabta ma da ita suke gane ka dawo. Ɗazu ƙanina ya bugo, ya ce ya gaya maka kada ka hau titi da ita, ka ce masa haka ne, ka ja motarka.”

“Me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

“In faɗa wa wa? Kai? Ni zan koya maka jin mota? Ai kowa ya ɗauka ka ji, ka san abin da kake yi.”

Sai ta lura ba idonta yake kallo ba, bakinta yake kallo. Ta ajiye bahon a hankali. Ta sa tafin hannu ta rufe bakinta, ta yi magana. Ya tsaya yana jira. Ta sake yi, har jijiyar wuyanta ta tashi. Da ta sauke hannun, idonta ya ciko.

“Malam,” ta ce. “Tun yaushe?”

Ya miƙa mata hannunsa. “Yaya ƙarar take yi?”

Ta kama wuyan hannun, ta karkata kai wajen injin kamar yadda ta sha ganin yana yi, ta fara buga masa da ƙashin yatsa, da nauyi, ɗaya bayan ɗaya. Ya zura ɗaya hannun ya ja wayar totur, bugun nata ya ƙara sauri. Ya gane ta. Ƙara ce daga can ƙasan inji, wadda ya sha jiyo wa wasu tun tana ƙarama, lokacin da gyaranta bai wuce aikin yini ba. Wannan ta daɗe da wuce nan.

“Ki buga wa masu gonar waya,” ya ce. “Su nemi wanda zai ɗauki na gobe.”

Ya zagaya, ya sa hannu ta taga ya murɗa makulli. Matar ce ta ji injin ya yi shiru. Shi kam sai da ya duba allura.