Shirun da aka ba takwarata

Shekarar da gwiwoyina suka fara ba ni wahala, ɗana ya aiko aka kai ni wurinsa a Doha. Injiniya ne a kamfanin gas, matarsa kuma nas ce, dukansu da sassafe suke fita. Gidansu yana unguwar Al Sadd, hawa na huɗu, ba tsakar gida, ba inuwar itace, sai sanyin na'ura da taga mai kallon titi. Aikina ɗaya ne a gidan nan: in jira motar makaranta ta sauke jikata, wadda aka sa wa sunana, in ba ta abinci. Takwara nake ce mata. Shekarunta tara a lokacin.

Ana nan, wata rana ta shigo riƙe da ɗan baƙin akwati. Ta buɗe shi a gabana, ta ciro guntaye, ta harhaɗa, sai ga baƙar sanda mai maɓallai kamar na azurfa. Ta jiƙa wani siririn kara a bakinta, ta ɗaura a kai. Ta ce an sa ta a badujalar makaranta, wannan kuma sunansa kilarinet.

"Wannan ai algaita ce, takwara," na ce.

"Ba algaita ba ce, Kaka."

"Algaita ce, boko kawai ta yi."

Ta hura. Abin da ya fito, da a gida ne, da maƙwabta sun leƙo ta katanga suna tambayar wa ke yanka agwagwa. Ban yi dariya ba. A danginmu ba mai busa, ba mai kiɗa, amma ubanta ya ce a nan darasi ne kamar lissafi, ni kuma na ga yadda idonta ke ƙyalli. Na ɗaukar wa kaina: kullum bayan la'asar zan zauna a kan darduma, ta tsaya gabana ta yi, in saurara.

Kwanci tashi, agwagwa ta tafi, murya ta zo, mai taushi kamar ta kurciya. Sai dai abu ɗaya ya dame ni. Takan busa kaɗan, sai ta tsaya tana kallon takarda tana motsa leɓe. Ta sake kaɗan, ta sake tsayawa. Ni kuwa mai algaitar garinmu na sani tun ina yarinya. Mutumin nan in ya cika kumatu ya kama, daga ƙofar gidan biki har bakin kasuwa sautinsa ba ya yankewa. Da haka muke gane gwani. Saboda haka duk lokacin da ta tsaya sai in ce, "Ci gaba, kada ki bar rami." Ta ce malama ta ce a jira a nan. Na ce malama tana tausayin masu ƙaramin ƙirji ne, ke kuwa jinina ce. Ranar da ta busa waƙar daga farko har ƙarshe ba tsayawa, na soya mata ƙosai.

Yarinya ce mai son faranta ran babba. Ta bi maganata.

Saura mako uku a yi wasan ƙarshen zango, ta dawo ta tura akwatin ƙarƙashin gado.

"Khalas, Kaka. Na bari."

Da uwarta ta dawo aiki, ta karanta saƙon malama a waya. Wai yarinyar tana shigowa kafin lokacinta, tana ruɗa na kusa da ita. In abin bai gyaru ba, wannan karon cikin 'yan kallo za ta zauna. Surukata mai kunya ce, ba ta ɗaga ido ta dube ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Hajiya, ko za mu je ki ji yadda suke yi?"

Muka je ranar da surukata take hutu. Ɗaki cike da yara, baƙaƙe da farare da jajaye, kowa da abin busarsa, a baya ga masu ganga. Malamar 'yar ƙasar Filifin ce, 'yar ƙarama, da ɗan tsinke a hannu. Ta ɗaga hannu, ɗaki ya yi tsit. Masu sarewa suka fara. Su takwara suka amsa. Sai ga wurin nan da nake kira rami, ashe a nan ne masu manyan ƙahonni suke faɗin tasu. Suna cikin faɗa, takwarata ta faɗo musu ita kaɗai. Malama ta sauke hannu, ba tsawa, ba harara, ta ce a sake. Aka sake, aka sake, har sau huɗu. Kunnuwan yarinyar nan kamar za su kama wuta, amma ba ta ajiye abin ba.

A nan zaune na gane abin da nake kallo. Lugude ne. Mu uku mukan tsaya kan turmi ɗaya a gidan mahaifina, kowa da taɓaryarta. Ta farko ta sauke, ta biyu ta sauke, kafin ya zagayo kanki kin jefa taki sama, kin tafa, kin cafe. Wadda ta riga lokacinta, taɓarya ta bugi taɓarya, hannu ya yi tsami, gero ya watse a ƙasa. Na san wannan tun kafin in san damana da haguna, amma na zo ƙasar mutane na koya wa jikata ta riga lokacinta.

Na sa surukata ta gaya wa malama laifin nawa ne, a ba ni mako biyu. Malamar ta kama hannuna biyu tana murmushi. Ta ce yarinyar tana da kunne, bugu takwas kawai za ta jira, ta shigo a na tara.

Akwai ɗan turmin dakan yaji da na zo da shi daga gida. Na riƙe taɓarya, na ba ta muciya. Ranar farko mutumin hawa na uku ya hau ya ƙwanƙwasa ƙofa, muka ba shi haƙuri, muka ninka bargo muka ɗora turmin a kai. In buga, ta buga. In buga biyu, ta buga. Har muka kai in buga takwas tana tsaye da muciya a sama. Daga nan ta ajiye muciya ta ɗauki kilarinet, ni na zama masu ƙahonni.

"Kaka, yanzu ke ce kika yi sauri."

"Tsufa ne."

"Jiya ma tsufa kika ce. Yalla, a sake."

Hannuna yakan gaji, ita ba ta gajiya. Leɓenta na ƙasa ya yi ja saboda matsa, ta shafa mai ta koma. Abin da na shafe watanni ina dasa mata, ta tumɓuke shi da kanta cikin kwana goma sha huɗu, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ni na jawo mata ba. Ban san inda yarinya 'yar shekara tara ta samo wannan hali ba. Ni dai a shekarunta ba ni da shi.

Malama ta gwada ta, ta bar ta a layinta.

Ranar wasa da hantsi muka zauna a babban zaure, ni tsakanin ɗana da wata Balarabiya mai baƙar abaya. Masu sarewa suka fara, su takwara suka amsa, sannan ta sauke abin daga bakinta. Hannuna ya soma bugun gwiwata ba da sanina ba. Daga inda nake ina hango kan takalminta yana motsi. Ban taɓa jin takwas mai tsawon wannan ba. A na tara ta shigo tare da 'yan layinta, na kasa kunne in ware muryarta daga tasu na kasa.

Guɗa ta taso mini tun daga ciki. Na riƙe ta. Na riƙe ta har waƙa ta ƙare, har malama ta sauke hannu ta juyo. Sannan na kama hanci na sake ta. Ɗana ya sunkuyar da kai. Balarabiyar ta dube ni, ta sa tafin hannu a baki, ta rangaɗa irin tasu.

A mota takwara ta ce, "Kaka, duk zauren an san ke ce."

"Na shigo kafin lokacina?"

Ta yi ɗan tunani, akwatin a kan cinyarta. Ta ce a'a, daidai ne.