Sunan Farko a Rajistar Aji Biyar

Na yi shekara talatin da wani abu ina aikin malanta, amma akwai wata ranar Alhamis da har yau in na tuna ta sai na ji kamar jiya ne. Shekara biyu ke nan da samun 'yancin kai, En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ta ɗauke ni daga Kebbe, garinmu, ta kai ni wani gari kusa da Jabo a ƙasar Tambuwal, in zama hedimasta.

Bari in yi wa yaran yanzu bayani. A da, makarantar gari iyakarta aji huɗu. Wanda ya ci jarrabawa sai a kai shi Midil a Sakkwato, ya kwana can ya tashi can. Da aka sauya tsari, sai aka ce a buɗe babbar firamare a garuruwa, aji biyar zuwa bakwai, yaro ya yi karatunsa a gaban iyayensa. Aikin da aka turo ni ke nan. An gina aji, an kawo bencina, amma rajista fayau take, ba suna ko ɗaya.

Malam Garba, mai duba makarantun yankin, ya zo a kan kekensa ya leƙa ajin. Ya ce, "Malam Umaru, in wata ya ƙare ba ka cika aji ba, za a kwashe bencinan nan a kai wani gari. Ka gaya wa hakimi ya sa masu unguwa su kamo yara, yadda aka saba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron da aka kamo, damina na faɗuwa zai gudu. A ba ni dama in zauna da iyayen."

Ya ce, "Zauna. Amma wata bai jiran zama."

Aka taru ranar Alhamis da hantsi a ƙofar gidan mai unguwa. Ashe tun kafin in zo sun daɗe suna wannan gardama a tsakaninsu. Manoma suka ce aji huɗu ya isa, yaro ya iya karanta wasiƙa, sai ya koma gona. Alhaji Bawa, mai fataucin hatsi, ya ce shi nasa Sakkwato zai je, don bai ga abin da makarantar bakin gida za ta koya wa yaro ba. Ni kuwa na miƙe na yi ta zuba bayani: littattafan iri ɗaya ne, jarrabawar iri ɗaya ce, yaro zai ci tuwon uwarsa, ya yi karatun allonsa da asuba.

Malam Sahabi, wanda kusan duk yaran unguwar a zaurensa suke karatun Alƙur'ani, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ɗago kai ya ce, "Mun ji, Malam, kuma bayaninka ya yi daɗi. Tambaya guda nika yi. Ɗanka Bello ya ƙare aji fuɗu kamar namu. Shi ina za shi?"

Gaskiyar magana, tun ina Kebbe na riga na sama wa Bello wuri a Sakkwato, zai zauna a gidan kawunsa. Ban taɓa haɗa wannan da aikina ba. Na ce, "Sakkwato, Allah gafarta malam."

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Malam Sahabi ya ce, "To, madalla." Ya ɗauki buzunsa ya tafi. Mutane suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Na koma gida da azahar na tarar da Hajo, uwar Bello, tana jera masa kaya a akwatin ƙarfe. Na gaya mata abin da ya faru. Ta ce, "Yanzu don maganar mutane za ka hana yaro birni? Mi zan ce wa yayana?" Na ce ba maganar mutane ba ce, na rasa amsar da zan ba kaina ne. Ta ci gaba da ninke riga. Can ta ce, "Wa za ya koya musu a aji biyar ɗin?" Na ce ni ne. Ta ce, "To in kai ne, ka sani zan riƙa duba littafinsa. Ranar da na ga ya koma baya, ni da kaina zan sa shi a mota."

Ranar Litinin na fito da tebur gindin bishiyar bedi a bakin makaranta, na buɗe rajista, na kira Bello na rubuta sunansa a layin farko, na sa shi ya shiga ya zauna. Har rana ta ɗaga shi kaɗai ne a cikin aji. Sai ga Malam Sahabi tafe da jikokinsa biyu, mace da namiji. Ya leƙa ta taga ya ga Bello, sannan ya dawo ya ce, "Rubuta." Kafin Juma'a sai da muka aro tabarmi, bencina sun kasa. Da Malam Garba ya dawo, ya tsaya a ƙofa yana ƙirga kawuna, ya ce, "Wa ya kamo maka su?" Na ce, "Da ƙafarsu suka zo, ranka ya daɗe."

Na yi wa ajin nan aikin da ban taɓa yi wa wani aji ba. Da suka kai aji bakwai, da yawansu suka wuce sakandare da kwalejin horon malamai, har da jikar Malam Sahabi. Tun kafin nan ma, shekara na zagayowa Alhaji Bawa ya dawo da nasa daga Sakkwato, ya ce mini, "Ga shi nan, Malam. In akwai sauran wuri, ko a ƙasa ne."

Na zo garin ina ganin iyayen nan taurin kai ke damunsu. Ashe abin da ke ransu shi ne ke raina: kowa yana tsoron kada a yi gwaji da ɗansa. Tun daga lokacin, in uba ya tsaya a ƙofar ofishina yana ja da baya, ba na gaggawar yi masa wa'azi. Kujera nake ba shi.