Mahaucin Da Ya Ƙare Kwanansa A Kan Awara

Shekara tara ke nan, a irin wannan wata, da muka binne yayana Haruna a wata maƙabartar Musulmi a ƙasar Indiya, ni da mutum shida waɗanda ban san sunan ko ɗayansu ba. Duk shekara 'ya'yansa kan yi masa sadaka a nan Azare, a taru a faɗi alherinsa. Alherin gaskiya ne, ba na musu. Amma ni na zauna da shi wata biyar a ɗaki ɗaya, kuma akwai abin da ban taɓa faɗa a wajen sadakar ba. Bana na ga gara in rubuta, tunda bakina ya ƙi.

Gidanmu gidan fawa ne. Yaya ya gaji mahaifinmu tun tsohon yana da sauran ƙarfi. Yakan dafa ƙugun bijimi ya faɗi yadda kitsensa yake, a feɗe a tarar haka ne. Ni kuwa ranar da aka fara kai ni kwata, da na ga jini yana bin lambatu, sai na yi amai a kan takalmin Baba. Na bar sana'ar, na shiga hatsi, daga baya na tsaya a kan waken suya, ina sarowa ina ba matan da ke yin awara. Yaya ya raɗa mini suna Ɗan Awara. Ba a ɗaki yake faɗa ba. A bakin kasuwa yake faɗa, a gaban baƙi, har a walimar aurena, inda ya ce a ba ango ƙashi ya lasa kawai, kada ya ga tsoka ya suma. Na gina gida, na sayi motocin ɗaukar kaya, na sauke farali. Sunan bai sauka daga kaina ba.

Da ciwon daji ya kama shi a hanji, likitocinmu suka ce a fita da shi. Ni ne mai hali a gidan, ni kuma na saba da tafiya, saboda haka ni na bi shi jinya.

Mun kama ɗaki a saman gidan wata tsohuwa, tafiyar minti biyar zuwa asibiti. Sharaɗinta ɗaya ne, ta maimaita shi sau uku tana nuna tukunya: ba nama, ba kifi, ba ƙwai a gidanta. Addininta ne, kuma duk layin haka suke. Likita ya zo da nasa. Ya ce sai Yaya ya yi ƙarfi kafin a yi masa aiki, a ba shi abinci mai gina jiki, amma jan nama ya dakata, hanjin ba zai ɗauka ba. Mutumin da tun da aka yaye shi bai taɓa wuni bai tauna nama ba, ga shi tsakanin tsohuwa da likita.

Ni ɗan kasuwa ne, in aka ce babu abu, nakan tambayi me ke maye gurbinsa. Na shiga shaguna ina nuni da yatsa. Na samo wasu busassun dunƙule-dunƙule na waken suya, in an jiƙa su sai su kumbura kamar soso. Na matse su, na soya da albasa da yajin da muka taho da shi daga gida. Yaya ya tauna ɗaya, ya ce, "Katifar wa ka yanka?" Na samo cukun madararsu, fari mai laushi irin wanda Fulani ke yi. Ya ce wannan a kai wa mai jego. Tsohuwar da kanta ta nuna mini wani ƙaton ɗan itace mai ƙaya-ƙaya a bayansa, wanda ake dafawa tun yana ɗanye, ya fito zare-zare kamar naman da ya sha wuta. A ido ba ka raba su. Yaya bai ko ɗanɗana ba. Ya sunsuna, ya ture kwanon da bayan hannu.

A ƙarshe abin da na sani na koma wa. Shekara da shekaru ina tsaye a kan matan awara, na san aikin ko da ban taɓa sa hannu ba. Na sayi wake, na jiƙa, na ari injin markaɗen tsohuwar, na tace da sabon rawanin da ban taɓa naɗawa ba, na tsinke shi da lemon tsami tunda babu ruwan tsamin kamu. Awara ta fito yadda ake so. Ita kaɗai cikinsa ya karɓa. Yunwa ta sa ya ci, yana ci yana kallon bango.

A nan zan faɗi abin da marubutan ta'aziyya ba sa faɗa. Na ji daɗi. Ina zaune ina kallon babban mahaucin unguwarmu yana tsoma awara a yaji, wani abu mai sanyi yana sauka a ƙirjina. Na yi masa wanka, na kwashe kashinsa, na goya shi a matakala, duk ban taɓa ƙosawa ba. Amma wannan kwano ɗaya nakan ajiye shi a gabansa a hankali, in zauna inda zan ga fuskarsa.

Da yana raye yau, ban san me zai ce da Azare ba. Saboda tsada, nama ya zama abin da magidanci ke wucewa ya gaisa da shi. A kowace kusurwa akwai kasko, ana soya awara da ƙwai, ana yi mata miya, har a gidan biki ana jera ta a faranti babu kunya. Na ga jikan wani abokin sana'arsa, mahauci shi ma, ya rufe teburinsa da azahar ya tsallaka titi ya sayi awara ya ci. Masu zuwa karatu da jinya a ƙasashen waje kuma yanzu sukan kira ni kafin su tafi, su ce sun ji na san dabarar zama inda ba nama. Nakan faɗa musu: ku tafi da yaji, da daddawa, da garin ƙuli-ƙuli, harshe ya fi kewar waɗannan a kan tsokar kanta. Shawarar tana aiki. Ga kowa ta yi aiki ban da mutum ɗaya.

Akwai unguwar Musulmi a can ƙarshen garin. Duk Juma'a nakan hau keke mai ƙafa uku, irin namu na nan, in je masallaci. In an idar, sai in shiga wata rumfa in ci naman akuya in ƙoshi. Nakan wanke hannu da baki, in tauna kanumfari kafin in dawo. Wata Juma'a ruwa ya taso, na yi gaggawa, ban tsaya wanke hannu ba.

Ina shiga ɗakin ya ɗago kai.

"Ilu, matso nan."

Na matsa. Ya lumshe ido, hancinsa yana motsi.

"Akuya ce. Tsohuwa, ta haihu ya fi sau biyar. Sun cika mata kayan ƙamshi don su rufe ka. An cuce ka, yaro."

Na fara ja da baya.

"Miƙo hannun."

"Me za ka yi da shi, Yaya?"

"Ba cinyewa zan yi ba. Sunsunawa kawai."

"Likita ya hana."

"Likita ya hana hanci?"

Ya miƙo nasa hannun, duk ƙashi, yana jira. Na tashi na shiga banɗaki na wanke hannuna da sabulu, na ɗauraye, na sake sabawa. Na fito na ɗauko kwanonsa na ajiye masa. Na ce, "Ga naka, Sarkin Fawa." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ja kwanon.

A wata na biyar likita ya kira ni ofishinsa ni kaɗai. Ya ce ciwon ya bazu, ba za a yi aikin ba. Ya ce in mai da shi ɗaki, kuma duk abin da ransa ke so in ba shi, babu sauran abin da za a kiyaye.

Na koma na ce wa Yaya an ɗaga aikin. Na jiƙa wake. Washegari ma na jiƙa. Na gaya wa kaina cewa ranar da na kawo masa nama, ranar zai gane an sallame shi, kuma gara ya zauna da sa rai. Wannan dalili ne mai kyau, na sha juya shi a shekarun nan kamar yadda nake juya buhu in ga ko akwai tsakuwa a ƙasa. Akwai. Rabinsa tausayi ne. Ɗaya rabin kuwa ban gama jin daɗin kallonsa da kwanon ba.

Sai da na ga ruwa ma yana yi masa wuyar wucewa, na tafi unguwar Musulmi ba ranar Juma'a ba. Na zaɓi cinyar ɗan rago, na tsaya aka dafa ta har ta saki ƙashi. A ƙofar gida na tarar da tsohuwar. Ban ɓoye ba, na nuna mata kwanon, na nuna sama, na ce ɗan'uwana mutuwa zai yi. Ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa. Shi ke nan. Dokar da na fake da ita wata biyar, iyakarta ke nan.

Yaya ya danna tsokar da babban yatsa, ya duba yadda ta dawo.

"Wannan ka iya zaɓe. Bai kai shekara ba."

Ya sa 'yar ƙanƙanuwa a baki. Ya tauna, ya tauna, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Ta ƙi wucewa. Na tara hannu, ya tofo mini ita. Ya huta, sannan ya tambaya ba tare da ya dube ni ba.

"Yaushe likitan ya ce a ba ni?"

Da na so, da na yi masa ƙarya na ce yau ne. Ban san abin da ya hana ni ba.

"Kwana goma sha ɗaya ke nan."

Na ga leɓensa yana motsi, yana komawa baya da kwanakin, yana neman ranar da maƙogwaron ke aiki.

"Ashe kai ma ka iya yanka," in ji shi.

Bai sake yi mini wata magana ba sai ta neman ruwa ko in juya shi a kan gado. Bayan kwana huɗu ya cika, da hantsi.

Me ya rage na Haruna? Rumfarsa ta zama shagon gyaran waya. Wuƙaƙensa suna cikin akwati a ɗakin babban ɗansa, wanda malamin makaranta ne. Akwai tsofaffin mata a unguwarmu da har yau suke ambaton ƙunshin naman da yake aika musu duk Juma'a ba tare da kowa ya sani ba. Ni ma sai a zaman makoki na ji. Akwai kuma waɗanda harshensa ya yi wa tabo, ba ni kaɗai ba ne, sai dai su ba a damƙa musu shi a ɗaki ba shi da ƙarfin ɗaga kofi. Mutum ne mai kyauta da hannu, mai rowa da baki. Allah Ya duba hannun, Ya yafe bakin, Ya sanyaya masa ƙasar da ba tasa ba.

Ranar da na dawo Azare da jakarsa, matarsa Hajiya Talatu ba ta tambaye ni asibiti ba, ba ta tambayi kabari ba. Ta ce, "Alhaji ƙarami, ka san yayanka da baki. Ya samu abin da yake so ya ci kuwa?"

Na ce, "Ya samu, Hajiya. Har nama ya ci."

Ta ɗaga hannu ta sa mini albarka. Shekara tara ke nan, duk ranar sadaka sai ta kira ni gaban 'ya'yanta ta ce su yi koyi da ni. Ba ta karatun boko, amma ɗanta yana sayen jaridar nan, kuma na roƙe shi ya karanta mata ba tare da ya tsallake layi ba. In ta ga dama ta ci gaba da yi mini addu'a, ina buƙata. Amma daga bana ta san wanda take yi wa.