Hajja Rabi'a da zaɓen Auwalu

Mun tare a unguwar Ranuna, kusa da Ƙuba, a shekarar da mijina Abdulazeez ya samu aiki a wata saidaliyya, wato shagon magani. Ni kuwa, Zakiyya, Larabcina a lokacin bai wuce na gaisuwa ba, kuma ban san kowa ba a Madina. Wadda ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa ita ce maƙwabciyarmu ta ƙasa, Hajja Rabi'a, wata dattijuwa gajera mai fara'a. Ta shigo da butar shayi mai na'ana'a, ta zauna a tabarma kamar mun daɗe da sanin juna.

Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso da ita daga garinsu, Rijiyar Gwani, da niyyar aikin hajji. A ƙasa suka biyo ta Chadi, suka yi shekaru a Sudan suna tsintar auduga kafin su ƙetare teku. Ƙaninta Surajo bai daɗe da yaye ba, sai aka bar shi wajen kakarsu a kan za su dawo. Ba su koma ba. Iyayen sun rasu a nan, ita kuma ta auri Maikuɗi, direban motar alhazai, suka haifi 'ya ɗaya, Surayya, wadda ke jin Hausa tsaf amma da Larabci take amsawa. Bayan rasuwar Maikuɗi, Hajja ta riƙe gida da ɗinkin fararen hijabai, tana kaiwa bakin masallacin Ƙiblatain inda masu ziyara ke sauka.

Jininta na farko daga gida da ta gani bayan iyayenta shi ne Auwalu, ɗan Surajo, wanda ya zo karatu jami'ar Musulunci. Ta ce mini ranar da ya yi sallama a ƙofarta ba ta tambayi sunansa ba, don irin tafiyar mahaifinta ta gani a jikinsa. Duk ranar Alhamis yakan baro ɗakin ɗalibai ya zo wajenta, ta tuƙa masa tuwo, ta wanke masa riguna, ta yi masa faɗa a kan rama. Da ya gama ya koma gida yana koyarwa a makarantar sakandare. Bayan nan kaset ne ya haɗa su. Yakan naɗi maganarsa da ta mahaifinsa ya ba wa mai zuwa umara, ita ma ta naɗa ta mayar.

A ƙarshen 1998, sojoji na shirin miƙa mulki, wani kaset ya iso. Hajja ta hau bene da shi muka saurara tare. Auwalu ya ce mutanen yankinsu sun matsa masa ya tsaya takarar Majalisar Wakilai, ya kuma amince. Ya ƙare da wasa, ya ce, "Gwaggo, bana zan zo hajji in sha Allahu, kuma Honorabul za ki tarba."

Ta dubi mijina, wanda take kira Daktur saboda aikinsa, ta ce, "Daktur, mene ne wannan abin da zai zama?"

Abdulazeez ya yi mata bayani. Akwai shugaban ƙasa, akwai majalisu biyu, kowane yanki na tura mutum ɗaya ya yi magana da yawunsa. Ta saurara da kyau. Ita ba ta taɓa yin zaɓe ba, ko akwatin ba ta taɓa gani ba. Jihar da garinsu yake ciki ma bayan zuwanta Madina aka ƙirƙiro ta, sunan bai zauna a bakinta ba, sai dai ta ce "gida".

"To shi zai faɗa musu babu asibiti a Rijiyar Gwani?"

"Aikin ke nan, Hajja."

"Khalas, shi ke nan. Ya iya magana, tun yana nan."

Tun daga ranar ta zama 'yar gidanmu a lokacin labaran rana. Takan hau da ɗinkinta ta zauna kusa da rediyon Abdulazeez. Ɗalibai biyu ko uku sukan zo su ma, a yi ta gardamar jam'iyyu, ita tana kalmasa bakin hijabi. Wata rana ta tambayi wanne ne ɗan wajenmu a cikin masu neman shugabancin ƙasa. Da aka ce mata dukansu biyu 'yan kudu ne, sai ta ce Allah Ya ba mai tausayi, ta ci gaba da ɗinki. Sunan jam'iyyar Auwalu kaɗai ta riƙe.

An fara yin zaɓen majalisa, amma rediyo bai kawo sakamakon kowace mazaɓa ba, a dunƙule ake faɗa. Rijiyar Gwani kuma babu waya. Mako guda bayan haka aka yi na shugaban ƙasa, aka riƙa karanto sakamako jiha bayan jiha. Ranar da aka zo kan jiharsu Abdulazeez na wurin aiki, daga ni sai ita. Mai labarai ya ce jam'iyyar su Auwalu ce ta lashe jihar. Hajja ta ajiye allura ta ɗaga hannu sama. Ni ma ban tsaya tunani ba, na rungume ta ina yi mata barka.

Kafin la'asar ta aiki Surayya ta sayo kaji, ta ɗora babbar tukunyar da ba ta fito da ita sai da azumi. Ta dafa shinkafa irin ta mutanen Hijaz, ta soya waina, aka raba gida gida, har da Basudaniyar da ke ƙarshen layi da mai gasa burodin tamis. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ɗanta ne ya ci zaɓe a gida.

Da Abdulazeez ya dawo ya tarar da tiren abinci, sai na ba shi labari. Ya ce cin jiha a zaɓen shugaban ƙasa daban, kujerar Auwalu daban. Washegari ya je kabinar waya ya kira wani abokinsa a babban birnin jihar. Auwalu ya faɗi. Ɗan takarar ɗaya jam'iyyar ne ya ɗauki kujerar.

Ni na sauka na faɗa mata, tunda ni na fara yi mata barka. Na same ta tana guga. Na yi ta kewaye-kewaye har ta kashe dutsen ta ce, "Zakiyya, faɗi abin da ya kawo ki." Na faɗa. Ta zauna a bakin gado.

"Abincin dai an ci, sadaka ce," in ji ta. "Ni yaron nake ji. Lokacin da ya faɗi jarrabawar nahawu a nan, kwana da kwanaki ba ya cin abinci, sai da na zauna a gabansa da cokali. Yanzu wa zai zauna a gabansa?"

Ba a daɗe ba alhazai suka fara sauka. Hajja ta riƙa tambaya a Ƙiblatain, duk motar da ta ji ana Hausa a ciki sai ta matsa. Wata mata 'yar jiharsu ta ce ai Malam Auwalu tare suka zo, ya kusa mako a gari. Hajja ta tattara hijabanta ta dawo gida. Na ce mu je masaukinsu, ta ƙi. Ta ce ba za ta je ta ba shi kunya a gaban mutanensa ba, ya san hanyar gida. Amma kullum da yamma sai ta tuƙa tuwo ta rufe, ta bar ƙofa a buɗe.

Bai zo ba. Da safiyar wata Juma'a ɗaya daga cikin ɗaliban nan ya gaya wa Abdulazeez cewa ayarinsu na tashi zuwa Makka a ranar. Hajja ta yafa mayafi ta ce, "Daktur, kai ni Bi'ir Ali."

A Bi'ir Ali alhazai ke ɗaura harami, kuma filin ya cika da dogayen motoci, kowa fari fat, ana talbiyya. Ni na ce ba za mu gane shi ba. Ita kuwa ta bi layin motocin a hankali tana dafa kafaɗata, har ta tsaya ta nuna wani siririn mutum da ke zaune a kan dakali da takalminsa a hannu.

"Auwalu."

Ya ɗago, ya miƙe da sauri, sai kuma ya durƙusa. "Gwaggo."

"Tashi, za ka ɓata haraminka."

Ya ce tun ranar da suka sauka wani ya ba shi labarin shinkafar da ta raba wa unguwa. Sau biyu yana zuwa har bakin layin Ranuna yana juyawa. Bai san da wane ido zai dube ta ba.

"Ni na yi kuskuren ji, ba kai ba," in ji ta. "Zauna ka gaya mini. Mutanen Rijiyar Gwani sun zaɓe ka?"

"Kusan gaba ɗaya, Gwaggo. A garuruwan da ba su san ni ba aka wuce ni."

"Babanka ya fita?"

"A kan keke aka ɗauko shi saboda ƙafarsa. Shi ne na farko a layi. Har Iya Azumi, wadda ta ce tare kuke ɗebo ruwa kuna yara, ta zo da sandarta."

Hajja ta rufe baki da mayafi. "Azumi na nan da rai?"

"Tana nan. Ta ce in gaishe ki."

Ta sa shi ya faɗa mata yadda ake yi, daga ina ake shiga, waɗanne mutane ke zaune, yaya ake dangwala yatsa. Ya kama babban yatsanta ya danna a tafin hannunsa ya nuna mata. Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Sai ta ciro ƙullin dabino da waina daga jaka, ta ce ba za ta tashi ba sai ta ga ya ci. Ya ci waina biyu tana kallonsa. Da jagoran motarsu ya fara kiran mutane, ta ce ya roƙa mata gafara a Arfa, ya kuma gaya wa Surajo ta gode da ya fita.

A hanyar gida, da muka hango hasumiyoyin Ƙuba, sai ta juyo wajena. Ta ce ta manta ba ta tambaye shi ko rijiyar bakin kasuwa na nan ba.

Auwalu ya koma ajinsa, bai sake tsayawa takara ba. Daga baya an ba shi shugabancin makarantar. Da wayar hannu ta isa garinsu, Hajja ta yi magana da Surajo baki da baki, bayan shekarun da ita kanta ba ta iya ƙirgawa. Ina wurin. Ba su faɗi wani abu mai yawa ba, gaisuwa suka yi ta maimaitawa, kowa na tambayar ɗan'uwansa ya ƙarfin jiki. Bayan haka duk Juma'a sukan yi waya, har zuwa lokacin da ciwon suga ya kwantar da ita. Ta rasu a watan Sha'aban, aka yi mata salla a Harami, aka kai ta Baƙi'a.