Ɗiyar Mussa da Ragowar Iri

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, lokacin da gujiya ke tashe a ƙasarmu, ina kolej. Babban hutu kuwa a Tasawa nike yin shi, gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina. Sana'arta mai da ƙuliƙuli. Ni kuma a lokacin ba ni da sana'ar da ta wuce gardama. Ban iya jira ba, kuma abin da ke cikina shi ke fita bakina.

Gujiyar da nike nufi ita ce wadda mutanen kudu ke ce ma gyaɗa. A shekarun nan, kafin a shuka ta sai an cuɗe irin da wata jar hoda, don kada ƙwari su cinye shi cikin ƙasa. A jikin ƙunshin hodar akwai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa a gicciye. Waccan damina mijin gwaggo ya gama shuka, iri ya yi ragowa mai ɗan dama. Gwaggo ta dube shi, ita mai kawai ta gani. Ta juye a babban kwano ta wanke, ta sake wankewa, ta kwarara jan ruwan a bakin rariya, sannan ta baza gujiyar bisa tabarma cikin ɗakin girki don hadari ya haɗu.

Na ce, "Gwaggo, wannan guba ce. Mutane za ki kashe."

Ta ce, "Na wanke."

"Wanki ba ya fidda ta. An rubuta a jikin takardar."

"To, madamu, wanda ya rubuta ya taɓa matsar mai?"

Muna cikin wannan ja-in-ja har la'asar, sai na fita zubar da ruwan wanke-wanke, na ga wani abu kamar tsumma a bakin rariya. Ɗiyar mussa ce, kyanwa ƙarama wadda ba ta cika tafin hannuna biyu ba, fara da baƙin kunne guda. Ban san daga ina ta ɓullo ba, babu alamar uwarta. Miyau na dalala daga bakinta, ƙafafunta na baya suna karkarwa, gashin haɓarta ya rine ja. Na ɗauko ta na ajiye gaban gwaggo.

"Ga shaida. Ruwanki ta sha."

Gwaggo ta sunkuya ta dube ta da kyau. Ta ce ita yunwa ta gani da rashin uwa, jan kuma ai ko ƙasar wurin ja ce. Amma muryarta ta ɗan sauka. Can ta ce, "To mu yi haka. In ta mutu, in haƙa rami in binne gujiyar. In ta tashi, in soya abina, ke kuma ki rufa mini baki."

Na amsa nan take, don ni kullum amsata tana riga tunanina. Sai da gwaggo ta jawo tsohon buhu ta lulluɓe gujiyar saboda kaji, sannan na gane abin da na yarda da shi. In na yi jinyar mussar nan ta warke, na sha kaye a gardamar, ƙuliƙulin kuma zai shiga kasuwa yara su ci. In ina son gaskiyata ta fito, sai in maida ta bakin rariya. Na dube ta tana numfashi sama-sama cikin zanena. Na ɗauko ƙwarya na shimfiɗa mata tsumma.

Washegari na ɗauke ta cikin ƙwaryar na tafi elbaj, inda ake yi ma dabbobi allura. Mutumin da na tarar ya leƙa ƙwaryar, ya dube ni.

"Madamazel, mu fa shanu da raƙuma muke dubawa."

"Na sani. Guba ce ko ba guba ba ce?"

"Tana iya zama. Tsutsar ciki ma tana sa haka, yunwa ma tana sawa."

"Ke nan ba ka sani ba."

Ya yi dariya ya ce eh, bai sani ba. Ya ce in daka gawayi in jiƙa in ba ta, in biyo da madara kaɗan-kaɗan, kada in bari sanyi ya kama ta, sauran kuma na Allah ne.

Kaɗan-kaɗan ɗin nan shi ne wahalata. Da cokali na fara, na ɗura mata, ta sarƙe har na ɗauka ta tafi. Sai na koma tsoma auduga cikin madara ina ɗiga mata a gefen baki. Ɗigo guda, a jira ta haɗiye, a sake. Hannuna ba ya son jiran. Dabarar da na samo ita ce, tsakanin ɗigo da ɗigo sai in karanto darasin faransanci da aka sa mu haddacewa, in na kai ƙarshen layi sannan in matsa audugar. Gwaggo tana tsince wake tana jina, ta ce, "Oh, mussar ma lakkwal za a sa ta, ta yi boko."

Ruwa bai ɗauke ba a kwanakin. Kullum gari a lumshe, bango ya jiƙe, wanki ba ya bushewa. Mai kawo mana nono daga wajen Korgom takan iso da laka har gwiwa, ni kuwa in tare ta tun daga zaure in karɓi madarar da ba a dama ba. Ta tambaye ni ko jariri aka samu a gidan. Na ce kusan haka.

Gwaggo ta ce babu ruwanta da mussa. Amma in na dawo daga rijiya sai in tarar ƙwaryar ta matso kusa da murhu. Wata rana na ga maiƙon man shanu a bakin mussar. Na tambaya, ta ce ƙila lasa ta yi a wani wuri. Mussar da ba ta iya ɗaga kai. Ranar da jijjiga ta kama ta sosai, jikinta ya sandare, idanu suka kakkafe, a cinyar gwaggo abin ya faru, ina can ina daka gawayi. Ba ta kira ni ba. Na shigo na same ta tana shafa bayan mussar da yatsa guda, tana kallon wajen buhun nan. Na durƙusa gefenta na jiƙa gawayin.

Daga ranar abin ya fara sauƙi. Miyau ya tsaya. Ta fara kama audugar da kanta tana tsotsa. Wata safiya ta fito daga ƙwaryar tana tangaɗi, ta yi fitsari bisa tabarmar sallar gwaggo, ta bi wata fara ta faɗi, ta tashi ta sake bi. Na yi murna, sai kuma na tuna alkawarinmu.

Gwaggo ta ce, "To, lokotoro, likitar mussa, aikinki ya yi kyau. Ɗauko mini kaskon suya."

Na buɗe baki zan fara, ta ɗaga mini hannu. Alkawari ne, ni na amsa. Na ɗauko kasko na dire da ƙarfi. Ta je ta yaye buhun.

Gujiyar duk ta yi tsiro. Kowace ƙwaya ta kumbura ta tsage, ta fiddo farar wutsiya, wasu har sun kama tabarmar. Wadda ta yi tsiro kuwa ba ta ba da mai, ko ni na san wannan. Gwaggo ta ɗibi kaɗan ta juya a tafin hannunta.

Ta ce, "Ta gaji da jiranku, ke da ɗiyarki. Maida kaskon, ki ɗauko hauya."

A ɗan filin bayan gida muka shuka ta, gwaggo na sara, ni ina jefawa ina rufewa da diddige. Shukar ta makara, ba ta yi ƴaƴan kirki ba, harawa dai akuya ta samu. Har hutu ya ƙare ba mu daidaita a kan ko guba ce ba. Ita tana cewa yunwa, ni ina cewa hoda.

Abu guda ne ban taɓa tambayarta ba, ko da gangan ta bar gujiyar ta yi tsiro. Macen da ta yi shekaru tana juya gujiya ta san abin da ke faruwa in aka rufe jiƙaƙƙiya da buhu cikin damina, kuma kullum tana wucewa ta gefen buhun nan. Damina ta gaba da na dawo, mussar ta girma, tana kwana bisa buhunan gwaggo, ba ta ma kula ni. Ragowar irin shekarar kuwa mijin gwaggo ya ba maƙwabci ya shuka.