Kafin Kunnen Ya Tafi

Likitan da na gani a Birnin Kebbi bai ɓoye mini komai ba, Allah Ya saka masa. Ya ce kunnuwana tafiya suke yi, kuma ba su da niyyar dawowa. Siraran sauti ne za su fara ɓacewa, masu kauri su biyo baya. Da ya tambaye ni ko na taɓa aiki a wuri mai ƙara, dariya ta kusa kama ni. Ƙuruciyata duka a gindin sifika na ƙare ta, ina kaɗa bes, jitar nan mai tsirkiya huɗu da kakkaurar murya, a wata ƙungiyar makaɗa da ke tsallaken iyaka, ɓangaren Benin. Da ƙungiyar ta watse na dawo gida Kaoje na rungumi noman shinkafa, sai injin ban-ruwa ya ɗora daga inda sifika ta tsaya.

Tun a cikin mota na yanke shawara. Tunda abin ƙarewa zai yi, to zan bi tsofaffin kaset-kaset ɗina ɗaya bayan ɗaya in yi musu jin bankwana. Suna cikin wata kwallar uwargidana, ita ta zuba su ciki ta ɗora bisa lokacin wata ambaliya da ta shigo mana har ɗaka. Yawancinsu daga faya-fayen garmaho na shugaban ƙungiyarmu muka kwafe su, kiɗan Kongo, na Gini, na Kwatano da na Ikko. A kansu na koyi sana'ar, don ni babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini.

Na kakkaɓe tsohuwar rakoda, na jona ta da batir, kullum bayan la'asar in zauna ƙarƙashin rumfa. Maƙwabta suka samu abin magana. Wai tsofai-tsofai da ni, mai jikoki, maimakon in riƙe carbi na koma kiɗan samari. Na ce su ji da kansu, ai su nasu kunnuwan suna nan.

Da na Kongo na fara. Akwai wani mai bes a cikinsu da nake ɗauka ba mutum ba ne, aljani ne, har yatsuna suka yi kanta wajen kwaikwayonsa. Yanzu da na saurare shi da furfura a kaina sai na ji haushi ya kama ni. Ashe ɗan son a sani ne! Ba ya barin kowa ya numfasa, mawaƙi yana magana shi ma yana surutu a ƙasa. Shi kuwa wani na Kwatano da nake rainawa, wanda zai kama layi ɗaya ya yi ta maimaita shi har kiɗa ya ƙare, shi ne ya sa ni hawaye. Kamar mai tuƙi ne a bayan kwalekwale, ba a kallonsa, amma da zai ɗaga hannu da kowa ya sha ruwa. Na mayar da kaset ɗin baya da biro na sake ji, na kuma sake.

Kullum kukana a rayuwa shi ne ba a jin mai bes. A wurin biki mawaƙi ake yi wa guɗa, mai ganga ake yi wa rawa, ni ko kallo ban ishi kowa ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya taɓa tsayawa ya kalle mu a wani biki a Bahindi, da muka dawo ya tambaye ni ko jitar tawa ta lalace ne, don shi bai ji tana cewa komai ba. Na daɗe ina ɗauke da wannan maganar.

To, sai ga shi abin da na daɗe ina nema ya zo ta inda ban so ba. Kafin a yanke shinkafar rani, ƙahonin da ake busawa a kiɗan Gini suka fita daga kunnena. Matan da ke amshi suka bi su. Ƙaramar jita ta yi ta sirancewa har ta ɓace. Bes kaɗai ya rage, shi da dukan babbar ganga, raɗau, babu abin da ya tare su. Kwanakin farko har wani daɗin mugunta na ji, na ce yau dai an bar mana fili.

Daɗin bai je ko'ina ba. Bes shi kaɗai ba kiɗa ba ne, wallahi ba kiɗa ba ne. Ka ji mutum yana sauka yana hawa, yana buɗe wa wani hanya, ka jira wanda aka buɗe wa ya wuce, shiru. Ko ɗan Kwatanon nan da na yi wa kuka sai ya koma mini kamar ana daka a gidan maƙwabta. Na fara tashi daga rumfa tun kaset bai kai ƙarshe ba.

Guda ɗaya na bari a gindin kwallar, ina ta kewaye shi. Namu ne, shi kaɗai muka taɓa ɗauka, a wani ɗan ɗaki a tsallake da aka jingina katifu a bangonsa. Mawaƙinmu ya daɗe da rasuwa, kuma muryarsa babu ita a ko'ina sai a nan. Siririyar murya gare shi. Na san abin da nake tsoro, shi ya sa na yi ta jinkiri har damina ta faɗi, alhali jinkirin ma cutata yake yi.

Ranar da na saka shi uwargida tana gefe tana tsintar shinkafa a faifai. Ita 'yar can tsallaken ce, ta san waƙoƙin nan tun tana budurwa. A lokacin ta riga ta koyi yi mini magana fuska da fuska, tana kaurara murya, ina tsintar rabi a bakinta. Na danna rakoda, sai ga ni. Na ji kaina tsaf, kowane taɓi, yaro mai ƙarfin yatsa da rawar kai. Na san daidai inda mawaƙi yake shigowa, in na gangaro ƙasa na ɗan dakata. Na gangaro, na dakata, na ci gaba. Na waiwaya na ga hannunta ya tsaya cikin shinkafar, leɓɓanta suna motsi.

Na ce, "Ya shigo?"

Ta ce, "Tun ɗazu, maigida. Shina kusa ƙarewa."

Na roƙe ta ta matso ta rera mini a kunne, ko ta bakinta in same shi. Ta dubi ƙofar gida don kunya, kada wani ya shigo ya tarar da tsohuwa tana waƙa. Sannan ta ajiye faifan, ta durƙusa, ta kawo bakinta daidai kunnena na dama, wanda ya fi dama-dama. Ɗumin numfashinta na ji, da wani ɗan gunji marar kalma. Na ce ta sake. Ta sake, har jijiyar wuyanta ta tashi. Na ce ta ƙara sakewa.

Wannan karon ba ta sake ba. Sai ta miƙa hannu ta kashe rakodar, ta zauna nan ƙasa kusa da ƙafata, ta bar shinkafar kaji suna ci.